Babi na Bakwai: Wa Ya Auna?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da maharbi yana ɗura adaka ya ga ɗurin hannu a siffarsa ta fari. Zai zuba albarushi a tafin hannu ko a ɗan ma'auninsa, ya juye a bakin bindiga, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya zuba ƙwayoyin dalma, ya sake toshewa. Ma'auninsa ido ne da sabo da abin da ya gani wurin ubansa. Baƙin albarushi yana da ɗan haƙuri da irin wannan awo, ko da yake haƙurin yana da iyaka, kuma ba banza ba aka laƙaba wa bindigar suna harba-ka-ruga.

A Amurka ɗurin hannu ya zama sana'a da abin sha'awa, doka kuma ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai harba da kansa. Abu huɗu ne ke cikin harsashi: kwanson tagulla, ƙwayar ƙyastu da ke gindinsa, albarushi, da kan dalma da ke fita. Idan aka harba, uku sun tafi, kwanso ya saura. Mai ɗuri sai ya tsince shi, ya matse shi ya koma girmansa na asali, ya sa sabon ƙyastu, ya auna albarushi a sikeli, ya dasa sabon kai. A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin bindigogin da ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, ta kuma hana ƙera ko harhaɗa harsashi a wajen ma'ajiyar makamai ta hukuma. Saboda haka labarin nan na can ne. Na kawo shi ne don tambayar da ke cikinsa, wadda ta shafi kowane ilimi da ake gada a rubuce.

A ce wani mutum ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da tsohuwar libarba a naɗe cikin tsumma mai mai. A jikin bututunta an buga 38 S&W CTG. Ya je kanti, aka nuna masa kwalaye birjik na .38 Special, amma nasa babu, ko kuwa akwai kwali ɗaya da tsada. Sai ya ce to, bari in ɗura da kaina. Yana da injin matsa kwanso, yana da sikeli. Abin da ya rage masa lamba ɗaya ce: wane albarushi, giren nawa, a ƙarƙashin wane kai? Giren ƙaramin awo ne, 7,000 ke yin fam guda, kusan goma sha biyar da rabi ke yin giram ɗaya. A harsashi irin wannan, tazarar da ke tsakanin awon farawa da awon ƙarshe sau da yawa ba ta kai giren ɗaya ba.

Tarkon farko yana cikin sunan. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da .38 S&W a 1877, zamanin baƙin albarushi, don ƙananan libarba na aljihu. .38 Special kuwa ya zo a 1898, kuma ba ƙanen wancan ba ne da aka ƙara wa tsawo, asalinsu daban. Kan .38 S&W faɗinsa wajen inci .361 ne, na Special .357 ko .358. Kwanson tsohon ya fi gajarta, ya kuma ɗan fi kauri. Babu ɗaya a cikinsu da kansa ya kai inci .38 ɗin da ake faɗa. Kamfanin Colt da ya ga harsashin yana kasuwa, bai so ya buga sunan abokin gasarsa a jikin bindigarsa ba, sai ya baje hancin dalmar ya kira shi .38 Colt New Police. Ingila ta ɗauke shi ta kira shi .380, mutane kuma suka riƙa cewa .38/200. Ga kuma .38 Short Colt da .38 Long Colt a gefe, waɗanda wasu harsasai ne dabam. Wanda ya buɗe littafi a shafin da ba nasa ba don ya ga lamba 38 ya riga ya ɓata tun bai taɓa sikeli ba.

Ko an dace da shafin, sauran rina a kaba. Harsashi ɗaya ne, amma bindigogin da ke cinsa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai masu karyewa a tsaka, waɗanda ake ɗaga sakata a sama, bututu ya sunkuya, kwanso ya zubo. Kamfanoni irin su Iver Johnson da Harrington & Richardson sun ƙera su da yawan gaske a farashi mai rahusa tun ƙarshen ƙarni na 19. Dukkan ƙarfin harbi a irin wannan bindiga yana sauka ne a kan 'yar sakatar nan da mahaɗar da ke ƙasa, kuma da yawansu an yi su ne kafin albarushi marar hayaƙi ya zama ruwan dare. Iver Johnson sai a samfurinsa na uku, na 1909, ya ƙera wadda aka tsara don sabon albarushin. Sannan akwai masu jiki ɗaya, da gangar harsasai ke fitowa ta gefe, waɗannan sun fi ƙwari nesa ba kusa ba.

Sai kuma na sojan Ingila, masu nasu labarin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, hukumar soja ta ga libarba Webley mai cin .455 ta yi wa sabon ɗauka nauyi da duka a hannu. Aka koma kan .38 S&W, aka ɗora masa kai mai nauyin giren 200 na dalma, da tunanin cewa dogon kai mai nauyi, ko yana tafiya a hankali, zai yi aikin babban. A 1932 aka karɓi libarba Enfield No. 2 a hukumance. Gab da yaƙi na biyu aka ji tsoron kada a ce dalma tsirara ta saɓa wa yarjejeniyar Heg ta 1899, sai aka sauya da kai mai giren 178 sanye da rigar ƙarfe. Irin wannan libarba ce hafsoshin Ingila ke ratayawa a ƙugu a dazukan Bama, inda 'yan ƙasarmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi. Enfield da Webley Mk IV su ma masu karyewa a tsaka ne, sai dai sakatarsu ƙaƙƙarfa ce, ba a haɗa su da na aljihu. Saitinsu kuma an daidaita shi ne da kai mai nauyi, shi ya sa harsashin kasuwa na Amurka mai giren 145 ko 146 yakan sauka ƙasa da inda aka nufa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai Enfield ya shiga neman yadda zai ɗura nasa.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne bindigogin da aka taɓa bayan yaƙi. Smith & Wesson ya ƙera wa Ingila libarba masu yawa a kan .38/200, waɗanda ake kira Victory Model. Da aka gama yaƙi aka sayar da rarar, 'yan kasuwa suka ga .38 Special ne ke tafiya a Amurka, sai suka zurfafa ramukan ganga don dogon harsashi ya shige. Ramin ya yi tsawo, amma gindinsa na nan da faɗinsa na dā, kwanso sai ya kumbura ko ya tsage, bututu kuma ya yi wa kan yawa. Libarbar da Lee Harvey Oswald ya kashe ɗan sanda J. D. Tippit da ita a Dalas a 1963 irin wannan gyaran aka yi mata. Webley mai .455 ita ma ba ta tsira ba. An aske bayan gangarta don ta ci .45 ACP da ke da arha a Amurka. Iyakar matsin da hukumar gwajin makamai ta Turai, wato CIP, ta sa wa .455 ba ta wuce fam 13,000 da 'yan kai a kan kowane inci murabba'i ba, ta .45 ACP kuwa a ma'aunin Amurka ta kai 21,000. Ke nan kowane harbi kamar gwajin ƙarshe ne ga bindigar da ta haura shekara ɗari. Rubutun da ke jikin bututu yana faɗin yadda ta fito daga masana'anta ne. Hannayen da suka bi ta kanta daga baya ba duka suka bar shaida ba.

To, mutuminmu ya tantance bindigarsa. Ya buɗe sabon littafin ɗuri, ya tarar an ba .38 Special shafuka, nasa kuwa rabin shafi, wani littafin ma ya zubar da shi gaba ɗaya. Dalilin a fili yake: gwaji kuɗi ne, kamfani kuma yana gwada abin da ake saye. Nan ne zuciya ke raya masa ya koma ga tsofaffin littattafai, tun da a zamaninsu harsashin yana tashe. Kuma akwai su. John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a 1884, ya riƙa fitar da ɗan littafin jagora, Lyman ya sayi kamfanin a 1925 ya ci gaba da littafin har yau, an wuce bugu na hamsin. Philip Sharpe ya wallafa babban kundinsa na ɗurin hannu a 1937. Ken Waters ya shafe shekaru yana rubutu a mujallar Handloader, aka tattara rubutun a littafin Pet Loads. Ina girmama waɗannan ayyuka ƙwarai, kuma wanda ya raina su ya raina tushen sana'ar. Amma lambar da ke cikin tsohon littafi ruwaya ce, kuma mu da muka tashi a gaban malamai mun san abin da ake tambaya kafin a karɓi ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, a wane hali, kuma akwai wanda ya ƙarfafa shi?

Tambaya ta farko ita ce ko an auna matsin ma tukuna. Wani ɓangare mai yawa na tsohon bayani an samo shi ne ta harbi da duba kwanso da ido. Inda aka auna, hanyar ita ce a huda bututun gwaji, a sa ɗan guntun jan ƙarfe a ƙarƙashin fistin, a harba, a duba yadda guntun ya lotse. Lotsewar nan ake mayarwa lamba. Hanya ce mai hikima, ta kuma yi wa duniya aiki na tsawon ƙarni, sai dai guntun ƙarfe ba ya iya bin matsin da ke tashi ya sauka cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Da na'urar lantarki ta zo, mai zana tashin matsi da saukarsa gaba ɗaya, aka ga ƙololuwar da tsohon awo ke ɓoyewa, kamfanoni suka rage lambobi da dama a sababbin bugu. Masu ɗuri har yau suna ambaton littafin Speer na takwas, na 1970, a matsayin misalin bugu mai zafi da na bayansa suka sassauta. Akan ji wasu suna cewa tsoron shari'a ne ya sa aka rage. Ba na musun cewa lauyoyi suna da baki a kamfani, amma idan ma'auni biyu suka saɓa, ni ina tare da wanda ya fi gani. Kuma babu wani lissafi amintacce da ke mayar da lambar tsohon awo zuwa sabo, balle mutum ya ce zai yi a gida.

Ta biyu, wane kwanso? Na dā gindinsa rarake yake ta ciki, ramin ƙyastu ya kumburo cikinsa kamar balan-balan. Ya fi ɗaukar albarushi, ya kuma fi rauni. Na yanzu gindinsa cike yake da tagulla, cikinsa ya ragu. Awo ɗaya a ƙaramin ɗaki matsinsa ya fi. A gajeren kwanso irin na .38 S&W, ko zurfin da aka dasa kai yana sauya lissafi, don haka kai biyu masu nauyi ɗaya amma siffa daban ba lallai su ci awo ɗaya ba.

Ta uku, wane albarushi? Tun da Paul Vieille ya ƙirƙiro marar hayaƙi a Faransa a 1884, iri-iri suka yawaita, kowanne da saurin cinsa. Bullseye da Unique sun fito daga kamfanin Laflin & Rand wajen 1900, suka koma hannun DuPont, sannan Hercules, yanzu Alliant. Suna ɗaya, masu gida huɗu, shekara fiye da ɗari da ashirin. Masana'antu suna ƙoƙarin riƙe halin kowane albarushi yadda yake, amma mai hankali ba ya jingina lambar 1937 da gwangwanin da ya saya jiya sai ya ga sabon gwaji ya goyi baya. Wasu albarusan da tsofaffin littattafai ke yabo an daina yin su tuntuni, kuma ba a ɗauko maƙwabcinsu a jerin sauri a ce ai kusan ɗaya ne. Sunaye ma suna ruɗi. Hodgdon ya taɓa sayar da uku da kalmar Clays a jikinsu, Clays da International Clays da Universal Clays, alhali saurinsu ya bambanta sosai. A ɗaya gefen kuma HP-38 da Winchester 231 abu ɗaya ne a gwangwani biyu.

Akwai kuma ruwayar jarumai. Elmer Keith, makiyayin nan na jihar Aidaho da gwaje-gwajensa suka share hanyar .44 Magnum, shi da kansa ya ba da labarin yadda libarba Colt .45 ta fashe masa a hannu a shekarun 1920 saboda ɗuri mai nauyi. Ya koyi darasi, ya koma .44 Special don gangarta ta fi kaurin bango. Mutane sun riƙe jarumtar, sun manta cewa shi bindigar da zai iya asara yake gwaji da ita. Mai libarbar kaka guda ɗaya gare shi.

Wani zai ce, ai sai in fara daga ƙasa in riƙa hawa ina duba alamu. Ga doguwar bindigar farauta wannan magana tana da ɗan tushe, don matsinta yakan haura fam 50,000, inda tagulla ke fara nuna gajiya: ƙyastu ya baje, kwanso ya maƙale. Amma ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar .38 S&W a fam 14,500 kacal. Ta .38 Special 17,000 ce, ta .357 Magnum 35,000. A matsi ƙanƙani haka tagulla ba ta cewa komai. Ana iya ninka iyakar kwanso ya fito sumul, ƙyastu lafiya lau, alhali sakata tana miƙewa kaɗan-kaɗan da kowane harbi. Ran da alama za ta bayyana, a jikin bindiga za ta bayyana. Shi ya sa a wannan aji na harsasai babu abin da ke maye gurbin lambar da aka auna a ɗakin gwaji, shi ya sa kuma ban rubuta awon albarushi ko ɗaya a babin nan ba. Lambar da aka raba da bindigarta da kwansonta da kanta da sunan wanda ya auna ta, ji-ta-ji-ta ce ko da an buga ta a littafi.

Yin ƙasa da yawa ma yana da nasa haɗarin. Libarba tana da 'yar tazara tsakanin ganga da bututu inda iska ke tserewa. Idan ɗuri ya yi rauni, musamman da kai mai rigar ƙarfe, kan yana iya tsayawa a tsakiyar bututu, na biye ya zo ya same shi. Sannan awon albarushi mai sauri ɗan kaɗan ne a gindin kwanso, har ana iya zuba biyu ido bai lura ba. Masu ɗuri na ƙwarai sukan jera kwanson a faranti su haska fitila su leƙa ɗaya bayan ɗaya kafin su dasa kai.

Hanyar da na ga ta fi tsira tana farawa ne daga teburin maƙerin bindiga, tun ba a buɗe littafi ba. Shi zai duba ko ganga tana tsayawa daidai da bututu a kowane rami, ko sakata ta saki, ko an taɓa ramukan, ya kuma karanta tambarin gwaji. Bindigogin Ingila suna ɗauke da tambarin gidan gwaji na Landan ko na Bamingam, wanda aka kafa a 1813, kuma tambarin yana nuna ko da albarushi marar hayaƙi aka gwada ta. Daga nan sai awon bututu: a shafa mai, a tura ƙwallon dalma mai laushi daga baki har ya fito, a auna shi da maikuromita. Aikin yana da ɗan wuya a nan, don kwarmin da ke murɗe cikin bututun Smith & Wesson biyar ne, na Webley da Enfield bakwai, ba su fuskantar juna balle a kama su da awo kai tsaye. Bakunan ramukan ganga su ma ana auna su, don ta nan kai ke fara wucewa. Wanda ya ɗura kan .358 a bututun .361 zai ga harbi na warwatse, dalma kuma na liƙewa a ciki inda wuta ta bi ta gefe ta narkar da ita.

Sai a zo ga lamba. A fara da sabon bugu, a karanta har da ƙananan rubutun da ke saman jadawali, inda ake faɗin bindigar gwaji da tsawon bututu da irin kwanso da ƙyastu, kuma inda wasu littattafan ke gargaɗin cewa jadawalin bai shafi tsofaffi masu karyewa a tsaka ba. Littattafan Lyman sun fi amfani a nan saboda sun daɗe suna kula da kan dalma na zubi, wanda shi ne abincin waɗannan bindigogi. A nemi majiya ta biyu mai zaman kanta, kamar ƙasidar kamfanin da ya yi albarushin, a ga ko sun yi kusa. Idan sun yi nisa, ta ƙasa ake bi. Kamfanonin albarushi suna da ma'aikatan da ke amsa tambaya, kuma amsar da ta fi daraja a bakinsu wani lokaci ita ce ba mu gwada ba. Tsohon littafi yana nan da matsayinsa na mai ba da tarihi da siffar kai da saurin da aka tsara harsashin ya yi. Saurin nan abin riƙewa ne, don na'urar auna gudun harsashi yanzu ta yi arha, kuma idan ɗurin mutum ya wuce gudun na masana'anta a bututu mai tsawo ɗaya, ba a sama ya samo ƙarin ba, daga matsi ya fito.

Ga mafi tsufa a cikinsu, waɗanda aka ƙera a shekarun 1880 da 1890, maƙeri yakan ce ɗaya daga biyu: a rataye ta a bango, ko a mayar da ita ga abincinta na asali. Masu zaɓar na biyu sukan koma baƙin albarushi, wanda dokarsa ta saɓa da ta marar hayaƙi, don shi ba a barin iska tsakaninsa da kai. Yana son man shafawa mai laushi a jikin dalma don tokarsa kada ta daskare a bututu. Bayan harbi kuma ba a kwana: a kwance ganga, a wanke ta da bututu da ruwan zafi da sabulu, a jefa kwanson a kwalbar ruwa tun a filin harbi, a busar, a shafa mai, domin tokar tana jan danshi kuma tsatsa takan fara kafin gari ya waye.